Sandunan Hawan Maharba Barewa a Amurka: Inda Ƙarko da Wari Suke Karo da Juna

A jihohin tsakiya da gabashin Amurka, irin su Ayowa, Wiskonsin, Mishigan da Fensilbaniya, yawancin masu harbin barewa mai farar wutsiya da baka ba sa bin sawu a ƙasa. Bishiya suke hawa, su zauna a tsayin ƙafa 15 zuwa 20, su jira dabbar ta kawo kanta. Kibiya ba ta da dogon zango, galibi sai barewar ta matso cikin mita 20 ko 30 ake saki, kuma a irin wannan kusanci hancinta da kunnenta sun fi na maharbi nesa ba kusa ba. A dazuzzukan gwamnati da dama an hana murɗa ƙusa a jikin bishiya don yin matakala, saboda tana raunata itace. Wannan na cikin abubuwan da suka buɗe kasuwar abin da suke kira sandar hawa.

Sandar hawa guntun tsani ne mai ƙafa ɗaya. Tsawonta daga inci 17 zuwa 32, da matakai biyu ko uku a jiki. Ta baya tana da gwafa biyu masu haƙora, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ne ke cizon ɓawon bishiya kuma su ba tafin ƙafa sarari. A gaba akwai maɓalli na ƙarfe inda ake maƙala bel ko igiyar da ta zagayo bishiyar. Maharbi yakan ɗauki uku ko huɗu, ya ɗaura ɗaya, ya taka, ya ɗaura ta gaba. Wasu na rataya likkafar igiya a ƙasan kowace sanda don ƙara mataki ɗaya ko biyu ba tare da ƙarin nauyi ba. Tsofaffin samfura sukan wuce kilo ɗaya kowace sanda, sababbi marasa nauyi sun sauko har kusan rabin kilo, kuma yawancinsu an rubuta musu iyakar nauyi ta kilo 136 ko kusa da haka, wato mutum da tufafinsa da jakarsa da makaminsa gaba ɗaya.

Musun da aka fi yi tsakanin maharba a kan ƙarfen ne: alminiyam ko taitaniyam ko zaren kabon. Amma idan aka bi yadda sandar ke lalacewa da yadda take riƙe wari, za a tarar duka biyun a wuri ɗaya suka fi taruwa, wato a sassa masu laushi: bel, igiya, likkafa da tef ɗin da ake naɗawa don kashe ƙara. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, dabarun da ake bi don kashe wari suna cikin abubuwan da ke cin ƙarfin waɗannan sassa.

Duk da haka ƙarfen ma yana da nasa labarin. Alminiyam ya mamaye kasuwa ne saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, giram 2.7 a kowane santimita kubik, inda baƙin ƙarfe ke da kusan 7.8. Nau'in da aka fi amfani da shi, mai lamba 6061-T6, ƙarfinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta ya samo shi. Da zarar wutar walda ta taɓa shi, wurin da ke kewaye da ɗinkin, kimanin inci ɗaya kowane gefe, yakan rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye, sai dai idan an sake gasa shi bayan waldar. Shi ya sa sandar da aka yi wa walda ba a tsakiyar ɗinki take tsagewa ba, a gefensa ne. Shi ya sa kuma kai sanda mai tsaga wurin mai walda na unguwa ba gyara ba ne, ƙaura da raunin ne zuwa inci ɗaya gaba. Masu ƙera sanduna masu tsada sun fi son sassaƙo matakai da gwafa daga dunƙulen alminiyam, su haɗa da noti.

Akwai wani halin alminiyam da ba ya nunawa a ranar saye. Baƙin ƙarfe, idan nauyin da ake ɗora masa bai kai wani mizani ba, zai iya ɗauka ya sauke kusan ba iyaka. Alminiyam ba shi da wannan mizani. Kowane taku yana ɗan ci daga ajalinsa. Gajiyar tana farawa ne daga inda nauyi ke cunkushewa: bakin ramin noti, lungun da mataki ya haɗu da sanda, ko wani zurfin karce da dutse ya yi. Da fari siririn layi ne kamar gashi, wani lokaci da ɗan baƙin gari a bakinsa, alamar ɓangarorin biyu na gugar juna. Ramin noti da ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai shi ma shaida ce. Matakin da ya lanƙwashe kuwa ba a miƙar da shi, domin miƙarwar ita ce lanƙwasa ta biyu.

Noti ya kawo nasa ciwon. Galibi da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin sa, kuma idan irin wannan ƙarfe ya zauna jikin alminiyam da danshi a tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Farin gari kamar alli a kewayen kan noti shi ne alamar. Gishirin gumi na hanzarta abin, haka ma gishirin da ake watsawa a titunan jihohin arewa lokacin ƙanƙara, wanda ke fallatsowa kan kayan da ke buɗaɗɗen bayan mota. Noti mai zoben nailan a ciki, wanda aka yi don kada ya kwance da kansa, riƙonsa na raguwa duk lokacin da aka kwance aka mayar, don haka sabo ake sawa. Matakai masu naɗewa suna da daɗin shiryawa a jaka, amma kowane maɗauki, wato inda matakin ke juyawa, wuri ne na sassautawa da ƙara. Mataki kafaffe ya fi su tsawon rai.

Zaren kabon ya fi kowa rashin nauyi, ba ya ƙara idan ya bugi wani abu, ba ya ɗaukar sanyin da ke cizon yatsa a watan Nuwamba. Aibinsa shi ne ba ya gargaɗi. Alminiyam yakan lanƙwashe ya nuna ya ji jiki. Kabon da ya faɗo daga ƙafa 15 ya bugi dutse yana iya rabewa ta ciki, fuskarsa lafiya ƙalau. Masu duba shi sukan ƙwanƙwasa da sulalla daga sama zuwa ƙasa, inda sautin ya mutu can ne abin zargi. Ɗaure noti fiye da kima a jikin bututun kabon ma na murƙushe shi. Taitaniyam ba ya tsatsa kuma yana jure duka, tsadarsa ce kawai matsalar.

Sanyi kansa ba ya sa alminiyam ya yi gautsi, wannan tsoro ne marar tushe. Abin da sanyi ke yi shi ne daskarar da ruwan da ya shige cikin bututu, ruwa kuwa yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara. Sandar da aka ajiye da ruwa a ciki tana iya kumburo gefe.

Bel shi ne sashen da ya fi araha a duk kayan, kuma shi ne ke riƙe da ran mutum. Yadda yake aiki ba kamar yadda sabon shiga ke zato ba ne. Ba matsewa ce ke riƙe sanda ba, zamewa ce. Ana zagayo bel ɗin a miƙe daidai da maɓalli, a ja shi ya kama, sannan a kama sandar da hannu biyu a fizgo ta ƙasa. Tana sauka inci biyu ko uku, bel ɗin ya karkata, wannan karkatar ce ke janyo haƙoran gwafa cikin ɓawo. Wanda bai zaunar da sanda haka ba, za ta zauna da kanta lokacin da nauyinsa ke kai, kuma wannan faɗuwar ta ɗan taƙi tana ninka nauyin da bel da noti ke ɗauka a cikin ƙiftawar ido.

Lissafin karkatar yana da ban mamaki. A ajiye batun abin da haƙora ke ɗauka, a ce nauyin kilo 100 ne duka a kan bel. Idan bel ɗin ya karkata da digiri 30, kowane ɓangarensa na jan kilo 100. Idan an matse shi har karkatar ba ta wuce digiri 15 ba, jan ya haura kilo 190 a kowane ɓangare. Ma'ana, bel mai jek irin na ɗaure kaya a mota, wanda wasu ke ɗauka ya fi aminci, yana iya ɗora wa maɓalli da bututu nauyin da ba don shi aka ƙera su ba, ga ƙarar jek ɗin da ke tashin duk dajin. Sakin bel da yawa kuma yana sa gindin sanda ya fizge gefe idan aka taka ƙarshen mataki, musamman a bishiya mai karkata ko mai santsin ɓawo. Taka mataki kusa da jikin sanda, ba a bakinsa ba, yana rage murɗawar. Nisan ƙafa daga tsakiya idan ya ninka, murɗawar ma ta ninka.

Zaren da aka saƙa bel da shi yana da bambanci sosai. Nailan yana shan ruwa, yana miƙewa, kuma ƙarfinsa na raguwa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari idan ya jiƙe. Foliyesta ba ya shan ruwa sosai kuma ya fi jure rana. Masu neman rage nauyi sun koma ga igiyar AmSteel, wadda ake yi da wani zaren roba mai ƙarfi da ake kira Dyneema: mai kaurin 7/64 na inci tana kai kimanin kilo 725 kafin ta tsinke, mai 1/8 kuma ta haura kilo 1,100. Alƙaluman na burgewa, amma na sabuwar igiya ne a miƙe. Zaren yana da santsi, ƙulli na zamewa a jikinsa, wanda ya riƙe ma yana iya cin rabin ƙarfin ko fiye, don haka saƙa bakin igiyar ake yi a cikin cikinta maimakon ƙullawa. Tana kuma narkewa a kusan digiri 145 na ma'aunin Selshiyos, inda foliyesta ke kai wajen 250. Gogayya mai sauri a kan ƙarfe kaɗai ta isa ta ƙona ta. Wurin da ya yi sheƙi ya taurare ya riga ya narke.

Kan bel mai haƙora shi ma yana tsufa. Sifirin ɗinsa na tsatsa, haƙoran na dakushewa ko su cika da laka da ƙaron bishiya, kuma bel ɗin da ya jiƙe ya daskare ba ya cizuwa. Mafi munin hali shi ne barin sanduna a bishiya daga wannan kaka zuwa waccan. Rana na cin zaren, kurege na gaigayar sa, itacen kuma yana ƙara kauri yana ja har ɗinkin ya fara buɗewa. Bel ɗin da launinsa ya koɗe, ko ya yi tauri, ko ya fito da gashi, ko zare ɗaya na ɗinkinsa ya tsinke, ya gama aiki. Ƙungiyar TMA ta Amurka, ta masu ƙera kujerun da maharba ke ɗaurawa a bishiya su zauna, tana da ƙa'idojin gwada nauyi da gwajin ɗorawa da saukewa, amma sabon kaya ake gwadawa, ba wanda ya yi damina biyu a daji ba.

Ita ma bishiyar sashe ce na tsanin. Tun da aka gano wani koren ƙwaro mai huda itacen da ake kira ash a Mishigan a 2002, miliyoyin irin wannan itace sun mutu a tsaye, ɓawonsu na saɓulewa kamar riga. Haƙoran sanda mafi tsada ba su da abin cizo a nan. Wannan ne ya sa ɗamarar kariya da igiyar ƙugu, irin ta masu hawan falwaya, suke zama a jiki tun daga mataki na farko, domin faɗuwa da yawa a lokacin hawa da sauka da tsallakawa kan kujera take aukuwa.

Warin da barewa ke gudu ba daga alminiyam yake fitowa ba. Ƙarfe ba shi da ƙofofin da zai adana wari. Abin da ke kansa shafe ne kawai na maiƙon hannu, gumi da ɓurɓushin fata, sai abin da tafin takalmi ya kwaso. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar mutum su ne ke cin gumi da maiƙo su fitar da warin, kuma danshi ne ke rayar da su. Ko ƙarnin nan da ake ji a hannu bayan an riƙe baƙin ƙarfe ba na ƙarfen ba ne, maiƙon fata ne ƙarfen ya sauya. Shafe irin wannan gogewa ɗaya ke cire shi. Bel da igiya kuwa soso ne. Ana jan su da tafin hannu mai gumi bayan tafiyar kilomita ɗaya ko biyu da kaya a baya, ana rataya su a wuya, wasu har da haƙori suke riƙewa lokacin da hannu biyu ke aiki. Gumin ya shige tsakanin dubban zaruruwa, a naɗe bel ɗin da danshinsa, a jefa a but ɗin mota.

Matsayin kowace sanda ma yana da muhimmanci. Ta farko tana daidai tsayin hancin barewa, likkafarta na lilo kusan a ƙasa. Ta uku da ta huɗu suna sama, warinsu na bin iska ɗaya da ta maharbin. Don haka idan za a yi takatsantsan da sanda ɗaya, ta ƙasa ce: a taɓa ta da safar hannu, a janye likkafarta sama bayan an hau. Matakai kuma duk abin da takalmi ya taka suke ɗauka. Takalmin da aka tsaya da shi a gidan mai da asuba zai shafa fetur a kowane mataki har sama, shi ya sa masu kula suke ajiye takalmin roba daban, sai a bakin daji su sa.

Tef shi ne inda buƙatu uku ke karo. Sandunan alminiyam idan suka bugi juna suna ƙara kamar ƙararrawa, ƙarar da babu irinta a daji, don haka ake naɗe su da tef mai gashi-gashi ko a nannaɗa siririyar igiya. Ƙara ta mutu, amma an mayar da ƙarfen da ba ya riƙe wari ya zama tsumma. Tef ɗin na shan gumi da ruwan sama, sabon gam ɗinsa na da nasa warin na makonni, yana riƙe danshi a jikin noti, kuma yana rufe daidai wuraren da tsaga ke fara fitowa. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a jera sandunan kamar yadda ake ɗaukar su, a ga inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe, a liƙa ƙananan guntaye a nan kaɗai. Ramukan noti, gefen walda da gindin matakai a bar su a buɗe. A yi wannan aiki tun watan Agusta, a rataye a inuwa inda iska ke wucewa, kafin a buɗe farautar baka, wadda a jihohi da yawa take farawa tsakanin tsakiyar Satumba da farkon Oktoba.

Wajen wanki ne ake yin garin neman gira a rasa ido. Ruwan bilic yana kashe wari, yana kuma cin nailan. Sodar yin sabulu da sauran masu kaifin kanwa suna cin alminiyam, su ɓata rufin da aka yi masa. Na'urar ozon, wadda ake sawa a akwati da kayan farauta don ta ƙone wari, tana farfasa roba: igiyar roba mai ɗaure sanduna, takalmin roba, duk wani abu mai talewa. Sa abin da ke ɗaukar nauyin mutum cikin wannan akwati dare bayan dare caca ce da ba ta da riba, ga shi iskar ba ta da kyau ga huhu. Na'urar busar da kaya mai zafi ba wurin Dyneema ba ce. Man feshi na kwance tsatsa yana gyara kan bel, amma warinsa na kanti ne tsantsa, kuma idan ya taɓa haƙora ko zaren, santsi ya shigo.

Abin da ke aiki ba shi da tsada. A cire bel da igiya daga jikin sanda, a jiƙa su minti 20 zuwa 30 a ruwa mai ɗumi kaɗan, kimanin digiri 30, da sabulu marar ƙamshi, a murza da hannu, a ɗauraye sau biyu ko uku har kumfa ta ƙare, a shanya a inuwa har cikin zaren ya bushe, abin da kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfen a wanke da buroshi, a bi haƙoran gwafa da saman matakai, a juya bututun ruwa ya tsiyaye, sannan a goge da tsumma mai ɗan sifirit, wanda ke narkar da maiƙo ya bushe bai bar komai ba. Sifirit yana ɗaga gam ɗin tef, a kauce masa. Maɗaukin da ke ƙara, ɗan gugar kyandir marar ƙamshi ko wosha ta nailan ta ishe shi. Lokacin wankin nan shi ne kuma lokacin dubawa: tocila a hannu, a bi kowane rami da lungu, a bi bel ɗin taƙi-taƙi tsakanin yatsu, sannan a ɗaura kowace sanda ƙafa ɗaya daga ƙasa a taka da dukkan nauyi kafin a yarda da ita a sama.

Ma'aji yana iya rushe duk wannan. Garejin gida a Amurka shi ne mazaunin fetur, injin yankan ciyawa, fenti da batir. Zare na shan warin fetur daga iska, wannan asarar farauta ce kawai. Ruwan batir kuwa yana cinye nailan ba tare da ya bar tabon da ido zai gani ba, har sai ranar da aka ɗora masa nauyi. Akwatin roba mai murfi, kaya busassu ƙarau a ciki, nesa da batir, ya magance duka biyun. Zuba ganye ko ƙasar daji a akwatin don kaya su ɗauki ƙamshin wurin al'ada ce da ta yaɗu, amma ganye mai danshi fumfuna yake kawowa. Fesa fitsarin barewa a kan sanda kuma janyo hancinta ne zuwa gindin bishiyar da ake so ta wuce ba ta kula ba, ban da cewa jihohi irin su Bajiniya da Bamont sun hana amfani da fitsarin na gaske saboda tsoron yaɗa cutar da ke rame barewa tana cin ƙwaƙwalwarta.

Duk tsabtar sanda, mutumin da ke zaune a samanta yana numfashi yana zufa, kuma warin da yake fitarwa ya fi na sandunansa huɗu. Iska ce ke yanke hukunci. Da safe idan rana ta ɗumama ƙasa, iska na tashi sama ta tafi da wari. Da yamma idan ƙasa ta huce, tana gangarowa ta bi kwari kamar ruwa, ta sauko da warin maharbi ta jikin bishiyar har gindinta. Maharba sukan saki audugar wata ciyawa 'yar'uwar tumfafiya su bi ta da ido, domin tana nuna inda iska ta karkata mita 30 gaba, abin da hodar gwada iska ba ta yi.

Masu son kawar da matsalar sandar ƙasa gaba ɗaya sun koma hawa da sanda ɗaya tak: a taka, a rataya a jikin igiyar kariya, a ciro sandar a mayar sama, a sake takawa, in an gama farauta a zamo ƙasa da doguwar igiya. Ba a bar komai a tsayin hancin barewa ba, nauyin kaya ya ragu sosai. Sai dai aikin da sanduna huɗu ke rabawa ya koma kan maɓalli ɗaya da igiya ɗaya, ana ɗaurawa ana kwancewa sau huɗu ko biyar a kowane hawa, da hannun da ya fi na kowa gumi. Igiyar irin wannan sanda ita ce ke fara fitar da gashi a daidai inda take shiga maɓalli, kuma ita ce ke buƙatar wanki da canji tun kaka ba ta ƙare ba.